Yadda Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Ta Gano Ƙofar Gidanki

 

Na san kin saba da sallamarsu. Da hantsi ne, kina tsakar gida hannunki dumu-dumu da kumfar wanki, sai ki ji an ce, "Salamu alaikum masu gida, akwai yara?" 'Yan mata ne biyu ko uku cikin hijabi, ɗaya rataye da ƙaramin akwatin sanyi, ɗaya riƙe da takarda da biro. A ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki, a shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsansa na hagu, a ja wasu lambobi da alli a bangon ƙofa, su wuce gida na gaba. Wataƙila ma kin taɓa yin tsaki a ranki kika ce, "Wai su waɗannan ba sa gajiya ne?" To amma kin taɓa tambayar kanki yadda aka yi suka san da lungunku? Wane ne ya gaya musu yara nawa ne a unguwarku, har aka auno musu maganin da zai ishe su? Kuma wa zai sani idan sun tsallake gidanki ba su shigo ba?

Amsar waɗannan tambayoyi tana cikin na'urar nan da muke gani a ofisoshi da bankuna, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, ko kwamfuta. Da yawa daga cikinmu muna ɗauka aikinta buga takardu ne kawai ko kallon hotuna. Alhali kuwa shekaru sama da goma ke nan tana da hannu a cikin lafiyar yaranmu, ba tare da mun sani ba.

Asalin dabarar

Dabarar ta girmi kwamfutar kanta. A shekarar 1854 cutar amai da gudawa ta ɓarke a wata unguwa da ake kira Soho a birnin Landan, ta kashe mutum sama da 500 cikin kwana goma. A wancan zamani likitocin Turawa sun yi imani cewa mugun wari ne ke kawo ta. Sai wani likita mai suna John Snow ya ɗauko taswirar unguwar, ya riƙa sa alama a kan kowane gida da aka yi rasuwa. Da ya gama sai ya ga alamomin sun taru a kewayen wani famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya. Tun kafin ya kammala taswirar ma, ƙidayar da ya yi ta sa ya shawo kan hukuma aka cire hannun famfon. Bai ga ƙwayar cutar da idonsa ba, ƙidaya ce ta nuna masa inda take, taswira kuma ta fito da abin fili.

Abin da kwamfuta take yi a yau ke nan, sai dai ita maimakon unguwa ɗaya tana iya riƙe ƙasa guda. Haka kuma tana yin abin da masana ke kira lissafin hasashe. Kada sunan ya ba ki tsoro, domin ke ma kina yin sa. Idan za a yi suna a gidanku, kin san dangin maigida nawa ne, kin san naki, kin san maƙwabta ba sa zuwa su kaɗai sai da yara, don haka kike cewa a auno shinkafa kwano kaza. Ba ki ƙirga baƙin ba tun da ba su zo ba tukuna, amma abin da kika sani a baya ya ba ki damar kintata abin da ke tafe. To haka ita ma, a zuba mata bayanan ruwan sama, da yawan jama'a, da adadin waɗanda suka kamu a shekarun baya, ta fitar da inda ya kamata a kai magani da kuma lokacin da ya dace.

Ƙauyukan da ba su cikin takarda

Babu inda wannan aiki ya fito fili kamar yaƙi da cutar shan inna a Arewacin Najeriya. Duk mun san tarihin, kuma babu amfanin a ɓoye shi. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano saboda zargin da ya bazu, ba a ci gaba ba sai a watan Yulin 2004. Mutane ba su manta da abin da ya faru a 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, don haka tsoron nasu yana da tushe. Sai dai kash, yara ne suka biya kuɗin wannan jinkiri. A 2006 kaɗai yara 1,122 cutar ta kama a Najeriya.

Bayan haka an yi ƙoƙari matuƙa. A 2009 sarakunan Arewa a ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar suka shigo cikin aikin gadan-gadan, malamai suka yi wa'azi, ƙin karɓa ya ragu sosai. Amma duk da haka cutar ta ƙi ƙarewa. A 2012 an samu yara 122 a Najeriya, wato fiye da rabin duk waɗanda suka kamu a duniya a wannan shekara. Kuma ki sani, shan inna cuta ce mai tafiya a ɓoye. A cikin yara kamar 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, ɗaya ne kawai take shanye wa ƙafa, sauran suna yawo lafiya lau suna yaɗa ta ta hanyar bayan gida. Ke nan duk yaro ɗaya da aka gani, akwai ɗaruruwa a bayansa.

Da aka zurfafa bincike sai aka gano wani abin mamaki. Ashe ba duka yaran da ba su samu ɗigon ba ne iyayensu suka hana. Wasu babu wanda ya taɓa zuwa ƙofar gidansu. Dalili kuwa shi ne, taswirar da ma'aikata ke bi da hannu ake zana ta. Jami'in mazaɓa zai ɗauki biro ya zana abin da ya tuna: ga masallaci, ga kasuwa, ga gidan dagaci, ga rafi. Abin da ya manta kuma shi ke nan, babu shi. Ƙaramin ƙauye mai gida biyar da ke kan iyakar mazaɓu biyu, waɗannan su ce na waɗancan ne, waɗancan su ce na waɗannan ne. Rugar Fulani da ta sauka bana, da sabuwar unguwa da ta tsiro a bayan gari, duk ba su cikin takarda. Ga shi kuma ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a ƙasar tun 2006 ce, yaran da aka ƙirga a lokacin yanzu wasunsu sun zama iyaye.

Daga 2012 sai aka canza salo. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, tare da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates da kuma wata ƙungiya mai ofis a Kano da ake kira eHealth Africa, suka samo hotunan da tauraron ɗan'adam ya ɗauka daga sama. Hotuna ne da ake ganin rufin ɗaki, da shingen gida, da turbar da ta bi ta cikin gona. Aka bi su daki-daki aka fitar da kowane matsuguni, sannan aka tura mutane da ƙafa su je su tambayi mai unguwa sunan wurin. Da aka ɗora sabuwar taswirar a kan tsohuwa, sai ga ƙauyuka da rugage birjik waɗanda ba su taɓa shiga lissafi ba.

Yawan yara ma haka aka kintata shi. A je wasu unguwanni a ƙirga mutanen kowane gida da baki, a ga gida mai irin wannan girma a irin wannan unguwa mutum nawa yake ɗauka, sannan kwamfuta ta ƙirga rufin gidajen da ke cikin hoton ta yi lissafin sauran. Irin awon shinkafar sunan nan dai.

Daga nan sai aka zo kan abin da ya fi tayar da ƙura a tsakanin ma'aikata. Aka ba kowace tawaga wayar salula ta sa a jaka. Ba ta kira ba ce, aikinta kawai duk bayan 'yan mintoci ta rubuta inda take. Da yamma a tattara wayoyin a ƙaramar hukuma, a juye bayanan, sai ga sawun kowace tawaga ya fito a kan taswira ɗigo-ɗigo, kamar sawun tururuwa a kan rairayi. Manyan jami'ai a cibiyar gaggawa ta Kano da ta Abuja suna kallo. Ƙauyen da ba a ga ɗigo ko ɗaya a cikinsa ba, washegari a tura mutane. A da, wasu marasa tsoron Allah sukan samu gindin bishiya su zauna, su cika takarda da lambobi, su zubar da maganin, su je su karɓi alawus. Wayar nan ta rufe wannan ƙofa, ko da yake ba duka ba, tun da ita abin da ta sani shi ne an shiga lungu, ba ta san ko ɗigon ya shiga bakin yaro ba.

A nan zan tsaya in faɗi wani abu da ke raina. Idan ana ba da wannan labari a tarurruka, yabo yakan tafi ga na'ura. Ni kuwa ina ganin na'ura ba ta taka ƙafa ta shiga rana ba. Mata ne suka shiga, 'yan'uwanmu, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ana zaginsu a wasu gidaje, ana sako musu kare a wasu. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe mata tara masu wannan aiki a Kano. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya sa sun huta. Sauran kuma ba su fasa fita ba.

Sakamako dai ya bayyana. Daga 122 a 2012, adadin ya sauko zuwa 53 a 2013, sannan 6 a 2014, na ƙarshensu a ƙaramar hukumar Sumaila ta Jihar Kano a watan Yuli. A 2015 ba a samu ko ɗaya ba.

Ana shirin murna sai ga labari daga Borno a watan Agustan 2016, an samu yara biyu a Gwoza da Jere. Da aka bincika ƙwayar a ɗakin gwaji, aka kwatanta ta a kwamfuta da waɗanda aka adana a baya, sai aka ga jinin wadda aka gani a Borno ce tun 2011. Ma'ana shekara biyar tana yawo a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata shiga. A nan ma hoton sama aka koma wa. Ƙauyen da mutane suka gudu, ciyawa takan rufe turbarsa, rufin ɗakuna ya rufta. Wanda kuwa har yanzu da mutane, za a ga hanya a share, gona a nome. Da haka aka san inda yara suka rage, aka nemi hanyar kai musu da rakiyar jami'an tsaro. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Za ki ce, to me ya sa har yanzu suke zuwa? Saboda akwai wani nau'in da ke samo asali daga raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon, wanda ke samun damar yin ƙarfi idan ya daɗe yana yawo a wurin da yara da yawa ba su yi rigakafi ba. Yaron da ya samu cikakken rigakafinsa ba ya kama shi, shi ya sa ake ta bi gida-gida.

Maganin damina

Akwai wasu baƙin kuma da ke zuwa miki daga saukar ruwa, masu kawo 'yan ƙwayoyi a kati, su ce a ba yaro yau da gobe da jibi. Wannan ma lissafi ne ya haife shi. Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, amma zazzaɓin Katsina daban yake da na Fatakwal. A kudu ruwa kusan duk shekara ne, sauro ba ya hutu. A wajenmu kuwa, da Nijar da Chadi da Mali, damina gajeriya ce, zazzaɓin yakan zo ne a dunƙule cikin 'yan watanni, lokacin da za ki ga asibitin yara babu masaka tsinke, gado ɗaya yara biyu ko uku.

Masana suka ce, idan haka ne me zai hana a tare shi a waɗannan watanni kaɗai? Gwaje-gwaje a Afirka ta Yamma sun nuna cewa yin haka yana rage kamuwa da kusan kashi uku cikin huɗu. Sauran tambaya ita ce, a ina da ina za a yi? Sai aka zuba wa kwamfuta bayanan ruwan sama na nahiyar tare da na zazzaɓi, aka ware yankunan da kashi 60 cikin ɗari na ruwansu na shekara ke sauka cikin wata uku. Taswirar ta fito kamar ɗamara, daga Sanagal har zuwa Chadi, mu muna tsakiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2012, aka fara a Katsina da wasu yankunan Nijar a 2013. Zuwa 2022 yara kimanin miliyan 49 ne suka sha, kusan rabinsu a Najeriya.

Ga inda lissafin ya dogara da ke. Ana ba yara ne daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata, tsawon wata huɗu, wasu wuraren biyar. Na ranar farko a gaban ma'aikaciya ake sha. Na rana ta biyu da ta uku a hannunki ake bari. A takarda an rubuta yaronki ya sha, kwamfuta ma ta ƙirga shi cikin waɗanda aka kare. Idan kika ajiye ƙwayar a kan taga kika manta, ko kika ce bari a adana sai ya yi zazzaɓi, ko kika raba wa yayansa ɗan shekara bakwai, to an ƙirga kariyar da babu ita. Idan kuma yaro ba shi da lafiya a ranar, ko yana shan Septrin, ko jikinsa ya taɓa ƙin magani irin su Fansidar, ki gaya wa ma'aikaciyar kafin ta ba shi.

Kankara kafin ki sha

Wannan kam a tafin hannunki yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa a ƙasashe masu tasowa, magani ɗaya cikin goma ko dai jabu ne ko kuma bai kai inganci ba. Marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta sha ba da labarin 'yar'uwarta da ta rasu a 1988 sakamakon jabun allurar ciwon suga.

Wani matashi ɗan Ghana mai suna Bright Simons yana cikin waɗanda suka fara kawo dabarar, NAFDAC kuma ta ƙaddamar da irinta a 2010. A jikin kwalin wasu magunguna, musamman na zazzaɓi da na kashe ƙwayoyin cuta, za ki ga wani ɗan fili mai ruwan azurfa, kamar na katin waya. Ki kankare shi, ki tura lambobin ta saƙon tes zuwa gajeriyar lambar da aka rubuta a wurin. Kwamfuta za ta duba cikin rumbunta ta maido miki da amsa, ko na gaske ne ko kada ki sha. Kowace lamba sau ɗaya ake amfani da ita, don haka idan kin tarar an riga an kankare, ki ajiye masa kayansa. Kuma ki yi hakan kina tsaye a kemis ɗin, kafin ki bar wurin, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai kada ki ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Aikinta ta gaya miki cewa kwalin daga kamfanin ya fito. Maganin haƙoran yara na My Pikin da ya yi sanadin rasuwar yara 84 tsakanin 2008 da 2009 ba kwaikwayo ba ne, a wurin haɗa shi guba ta shiga. Haka kuma ƙwayar da mai talla ya ƙirgo miki a leda, ko ya ɗauko daga faranti ta sha rana, babu kwali balle abin kankarewa.

Akwai sauran abubuwa da dama. A Ruwanda tun 2016 jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline suke kai jini asibitocin karkara, galibi saboda mata masu zubar jini bayan haihuwa. Ghana ta bi sahu a 2019, Kaduna a 2022. Shi kuma babban littafin nan da malamar asibiti ke rubuta sunanki a ciki ranar awo, a ƙarshen wata ana tattara lambobinsa a shigar da su wata manhaja mai suna DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ke kula da ita, ƙasashe sama da 70 kuma suna aiki da ita.

Inda gizo ke saƙa

Ni dai ban yarda da masu cewa na'ura za ta warware mana komai ba. Taswira za ta nuna ƙauye, amma ba za ta gina masa asibiti ba. Saƙon tes zai iya tuna wa mai ciki ranar awo, amma idan ta je ta tarar babu ungozoma, babu wuta, babu maganin ƙarin jini, me saƙon ya ƙara mata? Sannan a gidaje da yawa wayar a aljihun maigida take, ya fita da ita tun safe. Batun sirri ma abin dubawa ne. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma haƙƙinki ne idan wani ya zo da waya yana tambayoyi ki ce masa daga ina yake, me za a yi da amsar. Ma'aikacin lafiya na gaskiya ba ya neman lambar sirrin asusunki na banki.

Abin da ya fi damuna shi ne, kwamfuta abin da aka ba ta shi take ci. Idan aka tambaye ki yara nawa ne a gidan kika ɓoye na goye a ɗaki, ko kika rage wa yaro shekaru, ko aka haihu a gida ba a je an rubuta ba, to lissafin unguwarku ya karkace, kuma da wannan karkataccen lissafi za a auno muku magani baɗi. Yaron da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, kada a tsaya cewa iska ce a kulle shi a ɗaki, a kai shi asibiti mafi kusa a cikin kwanakin farko, domin gwajin bayan gidansa ne ke nuna ko ƙwayar ta shigo unguwa.

Katin rigakafin nan kuma da kike gani kamar takardar banza, a yawancin ƙananan asibitocinmu shi ne kaɗai shaidar abin da aka yi wa ɗanki, musamman idan kun tashi daga gari zuwa gari ko kin je wankan gida. Ki sa shi a leda saboda ruwa da gara, ki haɗa shi da takardar haihuwa a ƙasan akwati, kuma duk ranar da za ki asibiti da yaron, ko da ba ranar allura ba ce, ki tafi da shi.